Matakan Sanya Lambar Cuta ga Mai Raunin Ji

Wannan na sabon shiga ɗakin kati ne a asibitocin Kano, mai aiki da ICD-10, wato kundin lambobin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya.

1. Buɗe fayil, ka karanta abin da likitan kunne ya rubuta, ka haɗa da takardar gwajin ji. Idan rubutun ya gagare ka, tashi ka tambaye shi. Ban da cinta.

2. Gano inda matsalar take. Idan sauti ne ba ya wucewa ta kunnen waje ko na tsakiya, nemi H90.0 zuwa H90.2. Idan can ciki ne ko jijiyar ji, H90.3 zuwa H90.5. Idan duka biyun suka haɗu, H90.6 zuwa H90.8.

3. Kunne nawa? H90.3 na duka biyu ne, H90.4 kuwa na kunne ɗaya ne alhali ɗayan garau yake.

4. Duba musabbabi, nan aka fi yin tuntuɓe. Dattijon da tsufa ya rage wa ji, H91.1. Mai injin niƙa ko ma'aikacin masana'anta a Sharaɗa da ƙara ta cinye wa kunne, H83.3 ce tasa, ba ta cikin rukunin H90 sam. Wanda magani irin su jentamaisin ya kurumta, H91.0, sannan a ƙara lambar maganin. Wani kuma dauɗar kunne ce kawai ta toshe shi: H61.2.

5. H91.9, wato raunin jin da ba a fayyace ba, tana da daɗin rubutawa idan layi ya yi tsawo, amma ba ta gaya wa kowa komai. Kada ka taɓa ta sai idan likita bai yi bayani ba.