Yadda Uba Zai Tantance Eja Kafin Ɗansa Ya Sa Hannu a Kwantiragin Ƙwallo

Duk yaron da ya fara haskawa a filin wasa na Mahaha da ke Kano ko a gasar matasa ta Ramat Cup, ba a daɗewa wani zai sallama wa mahaifinsa a ƙofar gida da sunan shi dillalin 'yan wasa ne, wanda samari ke kira eja, yana da hanyar Turai. Abin da ya kamata uba ya fara nema shi ne lasisinsa, domin tun daga 2023 FIFA ta wajabta wa kowane eja ya mallaki lasisinta, kuma sunayen masu shi suna shafinta na intanet. Idan sunan mutumin ba ya ciki, a sallame shi da mutunci, ko da ya nuna hotunansa da manyan 'yan wasa a waya.

Daga nan sai batun shekaru, inda aka fi yaudarar iyaye. Dokar FIFA ta hana sayar da ɗan wasa zuwa wata ƙasa kafin ya cika shekara 18, in ban da 'yan dalilai kaɗan, kamar iyaye su ƙaura can don wata hidimar da ba ta ƙwallo ba. Ahmed Musa kansa, wanda ya ci ƙwallo 18 a gasar Najeriya yana Kano Pillars, sai da ya jira ya cika 18 a watan Oktoban 2010 kafin ya fara buga wa VVV-Venlo ta ƙasar Holan wasa. Saboda haka wanda ya ce zai fitar da yaro ɗan shekara 16 cikin wata guda, ko dai bai san dokar ba, ko kuma yana shirin sauya masa shekaru a fasfo, abin da zai iya bin yaron har ƙarshen wasansa.

Kada a sayar da fili ko gona don biyan kuɗin biza da tikiti. Kulob ɗin da yake son yaro da gaske shi zai aiko takardar gayyatar gwaji, kuma ya dace a tuntuɓi kulob ɗin kai tsaye ta adireshin da ke shafinsa, a kuma tambaya a ofishin hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha.

Idan aka zo kan takarda, a kai wa lauya ya karanta, ba lauyan da ejan ya kawo ba. Yarjejeniya tsakanin eja da ɗan wasa ba ta wuce shekara 2, kwantiragin kulob da yaron da bai kai 18 ba kuwa ba ya wuce shekara 3, kuma eja ba shi da ikon tunkarar ƙaramin yaro sai da rubutaccen izinin waliyyinsa. A lura da duk sharaɗin da ya ba eja wani kaso a kuɗin sayar da yaron nan gaba, domin FIFA ta haramta wannan tun 2015.

Akwai kuma haƙƙin kocin unguwa, wanda sau da yawa ake mantawa da shi. A tabbatar an yi wa yaron rajista da ƙungiyarsa a hukumance, domin idan aka sayar da shi daga wata ƙasa zuwa wata, ana raba kashi 5 cikin 100 na kuɗin ga ƙungiyoyin da suka rene shi tsakanin shekara 12 zuwa 23, kuma wadda ba ta da rajista da wuya ta ga ko sisi.