Yadda za ka auna rabin gwiwar roba da ake ƙerawa daidai da ƙashinka

Gwiwa sassa uku gare ta: ɓangaren ciki, ɓangaren waje, da ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa. A mutane da yawa amosanin gaɓɓai ɓangaren ciki kaɗai yake cinyewa. A nan ne ake iya sauya rabi a bar sauran: ƙarfe a kan ƙashin cinya, faranti a kan ƙashin ƙwauri, da roba mai tauri a tsakaninsu, galibi a liƙe da siminti na ƙashi.

Kafin batun ƙira, fara tabbatar da cewa gwiwarka ta dace da rabin aiki, domin nan ne ƙarko yake farawa. A ɗauki hoton ƙashi kana tsaye, nauyinka a kan ƙafar, a ga ƙashi na gogar ƙashi a ɓangare guda. Jijiyar gaba da ke gicciye a tsakiyar gwiwa dole ta kasance lafiya, guringuntsin ɗaya ɓangaren da kaurinsa, gwamewar ƙafar kuma wadda likita zai iya miƙewa da hannu. Mai amosanin da garkuwar jiki ke haddasawa, wanda ke kama gaɓɓai da yawa, wannan aikin ba nasa ba ne.

Idan aka zaɓi ƙira ta musamman, irin iUni da kamfanin Conformis na Amurka ya ƙirƙiro, za a yi hoton CT na gwiwar, tare da ɗan sashen ƙugu da idon sawu don a gane layin ƙafar. Daga hoton kwamfuta take zana ƙarfen da kuma ma'aunan yanka ƙashi da ake amfani da su sau ɗaya. Ƙerawa kan ɗauki kamar mako shida. Kada a bari watanni su yi ta wucewa tsakanin hoto da tiyata, don ƙashin na ci gaba da zaizayewa, abin da aka auna jiya ya daina zama daram.

Amfanin ƙirar a fili yake. Farantin yana rufe ƙashin ƙwauri har baki. Idan ya gaza, yana zaune kan ƙashi mai laushi, zai iya nutsewa. Idan ya zarce da fiye da milimita 3, yana gogar jijiyar gefe, mutum ya yi ta jin zafi bayan aiki. Amma zama daram ba shi ne ƙarko ba. Irin waɗanda aka saba, kamar ƙirar Oxford da ake sakawa a rabin gwiwa tun 1982, suna da tarihin gomman shekaru a bayansu, alhali bin diddigin na musamman bai kai nasu tsawo ko yawan marasa lafiya ba. Duk wanda ya ce maka lallai ta musamman ta fi daɗewa, ya zarce hujja.

Binciken TOPKAT na Birtaniya, da aka buga a 2019 kan marasa lafiya 528, ya nuna bayan shekara biyar sakamakon sauya rabin gwiwa da na sauya cikakkiyar gwiwa sun yi kusa da juna. Rabi ya fi saurin warkewa da sauƙin lanƙwasawa, amma rajistar tiyatar gaɓɓai ta ƙasashe ta nuna an fi komawa a sake shi. Dalilan sanannu ne: ciwon ya tsallaka ɗaya ɓangaren, musamman in an miƙe ƙafar fiye da kima aka jibga masa nauyi, siminti ya saki, robar ta cinye, ko ƙwayoyin cuta su shiga.

Saboda haka tambayi likitanka kai tsaye: rabin gwiwa nawa yake yi a shekara? Masu yin sa akai-akai nasu ya fi daɗewa. Tambaye shi kuma me ya tanada idan ya buɗe ya tarar jijiyar ta tsinke, domin a lokacin ƙarfen da aka ƙera maka ya tashi aiki, sai cikakkiyar gwiwa, kuma ya kamata tana ajiye a ɗakin tiyata.

Naka aikin shi ne ka daina shan taba makonni kafin ranar, ka daidaita sukari in kana da shi, ka rage ƙiba, don kowane kilo guda kamar huɗu ne a kan gwiwa a kowane taku. Za a tashe ka ka taka ranar aikin ko washegari, ka riƙe sanda 'yan makonni, kumburi kuwa kan ɗauki watanni. Kada ka yi wasa da gashin ƙashi ko maganin hana gudan jini. Zazzaɓi, ruwa daga ɗinki, ko kumburin sha-raɓa mai zafi, a koma asibiti a ranar. Ciwon da ya dawo bayan shekaru na lafiya, musamman wajen tashi tsaye, yana buƙatar sabon hoto a kwatanta da na farko.