Kurakuran Da Sababbin Shiga Tseren Jirgin Filafili Suke Maimaitawa A Teku

Tun da na dawo Maradi da zama, kusan kowane hutun damina sai an turo mini wani yaro daga cikin ƴaƴanmu masu karatu a La Roshel ko Birest a ƙasar Faransa, wanda ya samu gurbi a jirgin tsere yana neman shawara. Ina ba su, su tafi, su dawo da labarin kuskuren da na gargaɗe su a kansa. Na gaji da maimaita magana ɗaya a zaure, shi ya sa na ga gara in rubuta ta.

Kuskure na farko, wanda ya fi kowanne tsada, shi ne ɓoye jirin teku. Na bara da ya zo ya ce mini, "Kawu, ai ni daga nan har Yamai nake zuwa a mota ban taɓa yin amai ba." Na ce masa motar Yamai tana tsayawa a Konni ka sauka ka sha iska, jirgi kuwa ba ya tsayawa, kuma ba gefe ɗaya yake jijjiga ba. Abin ba shi da alaƙa da jarumta. A cikin kunne akwai sashen da ke auna daidaiton jiki, shi yana gaya wa ƙwaƙwalwa cewa ana ta hawa da sauka, ido kuma idan kana cikin jirgi yana ganin bango da tebur a tsaye cik, to wannan saɓanin ne yake tayar da zuciya. Yana kama tsofaffin matuƙa ma, kuma ga yawancin mutane yakan lafa bayan kwana biyu zuwa uku.

Ni wannan kuskuren ya taɓa kai ni bakin kabari. A gasata ta farko mai nisa, daga gaɓar Faransa zuwa tsibiran Azor, tafiyar da ta haura mil 1,200 na teku (kowane mil mita 1,852 ne), mu takwas ne a jirgi, ni kaɗai baƙar fata, ni kaɗai kuma ban taɓa kwana a teku ba. A mashigin Biskay, inda ƙasan teku yake tasowa daga zurfin kusan mita 4,000 zuwa 200 har raƙuman ruwa su miƙe tsaye, jiri ya kama ni tun daren farko. Kunyar da aka raine mu da ita, wadda take hana namiji cewa wayyo a gaban baƙi, ita ta rufe mini baki. Ina shiga banɗaki in yi amai a ɓoye, in wanke fuska, in fito ina murmushi, kuma banɗakin nan shi ne wuri mafi muni a jirgin gaba ɗaya, domin yana can wajen goshi, ba taga, ga warin man dizal. Na daina ci, na daina sha don kada in ƙara amai. A dare na biyu aka ba ni igiyar filafilin gaba in sassauta, hannuna ya mutu, igiyar ta kuɓuce ta zare wa abokin aikina fatar yatsu biyu, ni kuma na zube har kaina ya bugi ƙarfen gefe. Kyaftin ɗin, wani dattijo ɗan yankin Biritani na ƙasar Faransa, bai yi mini faɗa a kan rashin lafiyar ba. Abin da ya ce shi ne da na faɗa tun jiya da ya ba wani igiyar, yanzu kuwa ya rasa mutum biyu maimakon ɗaya. Muka ƙarasa gasar da mutum shida masu aiki na kwana uku, muka zo kusa da na ƙarshe.

Don haka abin da nake yi tun daga ranar, kuma ba na jin kunyar kowa a kansa, shi ne ina gaya wa shugaban juyina, wato rukunin da muke karɓar aiki tare, da zarar na fara hamma ba dalili ko na ji yawu ya cika mini baki, domin su ne alamun farko, kafin amai ya zo. Ina neman a ba ni sitiyari, saboda mai tuƙi idonsa yana kan iyakar sama da ruwa, jikinsa kuma yana sanin raƙumin ruwan da ke tafe kafin ya iso. Idan juyina ya ƙare ba na tsayawa cire kaya a tsaye, kai tsaye nake zuwa gado in kwanta in rufe ido. Ruwa kurɓi-kurɓi nake sha ko da zai dawo, da busasshen biskit, da ɗanyar citta da nake tsotsa. Wasu suna raina cittar, ni dai ta karɓe ni. Magani kuwa, ko ƙwayar sinarizin ko filastar sikofolamin da ake mannawa a bayan kunne, sai an yi amfani da shi sa'o'i kafin a tashi, ba bayan ciki ya juya ba. Ku je wurin likita tukuna, ku kuma gwada shi a tudu, domin ɗaya yana sa barci, ɗayan yana busar da baki har ya dusashe wa wasu gani, kuma tsakiyar teku ba wurin gano haka ba ne.

Kuskure na biyu shi ne jinkirin rage filafili, kuma a nan ƴan ƙasarmu suna da wata matsala ta musamman. Mun saba da hadarin damina wanda yake haɗuwa a gabas, ya yi baƙi, ya aiko da ƙura da sanyi, har mata su samu lokacin kwashe shanya. Sai yaro ya hau jirgi yana jiran irin wannan sanarwa. A tekun Atlantika ta arewa mugun yanayi yawanci daga yamma yake zuwa, sau da yawa kuma ma'aunin nauyin iska ne yake fara faɗa, tun sama tana garau. Ni kowace sa'a nake rubuta abin da ya nuna a littafin jirgi, idan na ga yana sauka da sauri na tashi kyaftin ko da yanzu ya kwanta. Ku sani cewa idan gudun iska ya ninka, ƙarfin da take bugun filafili da shi sau huɗu yake ƙaruwa, saboda haka aikin da mutum biyu za su yi cikin minti biyar da rana, idan aka jinkirta sai ya zama na mutum biyar cikin duhu, ruwa yana wanke su.

Abin da yake ba ni haushi shi ne amsar da suke bayarwa, wai tsere ake yi, rage filafili rage gudu ne. Wa ya gaya muku? Jirgin da ya kwanta a gefe yana jan ruwa da ƙarfensa ba gudu yake yi ba, wahala yake sha, kuma filafilin da ya yage ba ya cin gasa. A gasar Fastnet ta watan Agustan 1979 jirage 303 ne suka tashi, guguwa ta same su tsakanin Ingila da Ayalan, mutum 15 daga cikin masu tseren suka rasu. A ta Sidni zuwa Hobat a ƙasar Ostireliya ta 1998 jirage 115 suka tashi, 44 kaɗai suka isa, mutum 6 suka rasu. Waɗannan ba ƴan koyo ba ne irinku, kuma teku ba tafkin Madarunfa ba ce da za a turo kwalekwale daga baki.

Sauran ƙanana ne, amma su ma suna cizo. Kada ka fito saman jirgi da dare ba ka maƙala igiyar ɗamararka a jikin jirgi ba, kuma tun kana bakin ƙofa za ka maƙala ta. Rigar ceto ba ta da amfani idan ba a ɗaura maɗaurin tsakanin ƙafafu ba, ruwa zai tura ta sama da kanka. Kayan auduga, duk da son da muke yi musu, idan suka jiƙe da ruwan gishiri ba sa bushewa, ka nemi na ulu ko na roba, ka kuma ɓoye safa guda busasshiya a leda. Idan juyinka na sa'a huɗu ya ƙare ka kwanta nan take, hira ba ta biyan bashin barci. Ka fito karɓar aiki minti goma kafin lokaci, domin wanda za ka karɓa ya ƙirga kowane minti. Wanda zai yi amai ya yi a bokiti ko ta gefen da iska take fita, yana maƙale da igiya.

Akwai kuma masu barin salla gaba ɗaya da hujjar ba ruwa ba alƙibla. Ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi, kada ka taɓa ruwan sha da aka auna wa kowa. Alƙibla kuwa, a jirgi ba abin da ya fi kamfas yawa. Ni nakan tambayi mai lissafin hanya sau ɗaya da safe, in yi ƙasaru, idan ruwa ya yi tsanani in yi ta a zaune a kan gadona da ƙafa ɗaya a tokare da bango, kuma a cikin shekarun da na yi ban taɓa haɗuwa da kyaftin ɗin da ya hana ni minti biyar ɗin nan ba, muddin na gaya masa tun muna tashar jirgi.