Yadda ake gano ƙarar da katin girafik ke yi kafin a kai ga kwance shi

Duk yaron da ya kawo min kwamfutar gem ɗinsa yana cewa katin girafik, wato katin da ke fitar da hoto a sikirin, na ƙara, tambayata ta farko ita ce wace irin ƙara, kuma yawanci sai ya tsaya yana kallona. Wasu ma kafin su zo sun riga sun kwance katin sun shafa sabon man sanyaya, man nan da ke kai zafin ƙwaƙwalwar katin zuwa ƙarfen sanyayawa, ƙarar kuma tana nan yadda take. To don Allah ka ajiye sukurudireba tukuna, kunnenka za ka fara sawa aiki.

Kwamfutar na kunne, ka buɗe murfin gefe na kes ɗin, ka kashe fankar ɗaki da duk abin da ke surutu, ka naɗe takarda kamar mazurari ka ɗora a kunne, ɗaya bakin kana matsawa da shi kusa da katin, kusa da fawa (akwatin da ke ba kwamfutar wuta), kusa da fankar furosesa. Mutane na raina wannan dabarar amma wallahi ita ce ta fi komai amfani, don ƙara a cikin kes yaudara gare ta, tana bugun ƙarfe ta dawo sai ka rantse daga kati take alhali fawa ce a ƙasa ke kuka.

In ka tabbatar katin ne, saurari kalar sautin. In kana jin kas-kas-kas a jere kamar an sa kwali a sifokin keke, wani abu ne ke taɓa fiffiken fanka. Sau da yawa wayar wutar katin ce ta saki ta sauko, ko siririyar wayar fankar kanta ta fita daga maƙalinta. Ka kashe kwamfutar, ka zare daga soket, ka juya kowace fanka da yatsa a hankali za ka ji inda take karo. Ka duba kuma ko katin ya lanƙwasa ta baya, manyan katunan nan masu fanka uku nauyi gare su, in suka sunkuya robar jikinsu na ɗan murɗewa fiffike ya riƙa gogarta. Ba sai ka sayi abin tokarewa mai tsada ba, ni guntun katako nake yankawa daidai tsayi in tokare ƙarshen katin, shi ke nan.

In kuwa gurnani ne, gurrr, musamman lokacin da fankar ke tashi ko take shirin tsayawa, to boris ɗin da fankar ke juyawa a kai ne ya ci. Ka saukar da manhajar MSI Afterburner, kyauta ce kuma tana aiki ko katinka ba na MSI ba ne, ka cire fanka daga otomatik ka sa gudunta a kashi 30 cikin ɗari, sannan 50, sannan 100, kana saurare. Ƙarar da ke hawa tana sauka tare da gudun fanka, fanka ce, babu wata tantama. Don ka san wacce daga ciki, ka sa gudun a ƙasa ka ɗan danna tsakiyar kowacce da yatsa na daƙiƙa ɗaya, tsakiya fa inda sitika take, kar ka kai hannu kan fiffike. Wadda ka danna ƙarar ta ɗauke ita ce mai laifin. Af, kar ka tsorata in ka ga fankokin a tsaye cik kana kallon bidiyo kawai, katunan yanzu da yawa ba sa juya fanka sai zafi ya kai wajen digiri 50 zuwa 60, haka aka yi su.

Yanzu ga inda ni na ci wuya, kuma nan nake so ka nutsu. Akwai wata ƙara siririya mai shiga kunne, tsiiii, wani lokaci kamar kukan gyare da dare, ita ba ruwanta da fanka ko kaɗan. Kukan kwayil ne. A jikin katin akwai wasu ƙananan dunƙule masu kusurwa huɗu a jere kusa da inda wuta ke shiga, su ne kwayil, a cikinsu waya ce a nannaɗe, aikinsu su taimaka a sauke bolt 12 ɗin da fawa ke bayarwa zuwa kusan bolt 1 da ƙwaƙwalwar katin ke sha. Wutar tana kunnuwa tana mutuwa da sauri sosai, sai wayar ta riƙa rawa, rawar nan ce kake ji. Katina na farko da na saya na hannu haka ya riƙa yi, ni kuma ban sani ba na ɗauka zafi ne, na kwance shi da daddare, wajen ɗaga abin sanyayawar na yaga laushin faifan da ke ɗauke zafi daga kan memori gida biyu, na mayar a haka, na kunna, kukan yana nan kuma ga zafin memori ya ƙaru. Sai da na jira sati uku kafin sabon faifan ya iso, kuɗin da ban shirya kashewa ba.

Yadda za ka gane shi cikin minti biyu: kana cikin gem ka juya kamara, ka kalli sama, ka kalli bango, ka shiga menu. In sautin na canza murya nan take daidai da abin da ke kan sikirin, kwayil ne, don fanka ba ta canza gudu da saurin nan. Kuma za ka lura ya fi tsanani a menu ko lokacin da gem ke lodi, saboda a nan katin ba shi da wani nauyi sai ya saki jiki yana zuba firem, wato hotuna, 500, 1000 a daƙiƙa, alhali monitarka wataƙila 60 ko 144 kawai take iya nunawa. Wahalar banza ce katin ke sha. Maganin farko ka ɗaure firem ɗin: mai katin NVIDIA ya shiga manhajar saitin NVIDIA ya sa Max Frame Rate daidai da monitarsa, mai katin AMD ya duba cikin manhajarsu Adrenalin, ko ka kunna V-Sync a cikin gem ɗin. Ni ƙa'idata kowace kwamfuta na haɗa sai na ɗaure firem tun ranar farko, ko tana kuka ko ba ta yi. In bai isa ba ka koma Afterburner ka rage iyakar wutar katin zuwa kashi 80 cikin ɗari, firem kaɗan za ka rasa amma kuka da zafi duk za su sauka, ga mai inbata ko janareta ma sauƙi ne.

Ka sani kukan kwayil ba alamar mutuwar kati ba ne, sabo fil a kwali ma yana yi, kuma canza man sanyaya ba ya taɓa shi. Na ga masu cewa a ɗiga gam ko jan farce a kan kwayil ɗin, kar ka yi, yawancinsu a rufe suke gam ɗin ba ya shiga ciki, ɓata katin kawai za ka yi. Abin da ya fi shi ne ka ari fawar abokinka mai kyau ka gwada, don wani lokaci haɗin kati da fawa ne bai jitu ba, ana canza fawar sai kukan ya ragu. Fawar nan mai arha marar suna da ake haɗawa da kes dai ban yarda a ɗora mata katin gem ba sam.

Sauran kuma hucin iska ne kawai, fuuu kamar bulowa, fanka na gudu iya ƙarfinta saboda zafi. Buɗe manhajar GPU-Z kana wasa ka duba zafin katin, in kana wuce digiri 83 kullum akwai matsala, kuma a wajenmu bayan hunturu kusan ko yaushe ƙura ce ta toshe haƙoran ƙarfen sanyayawar. Ka cire katin ka fita da shi waje, ka riƙe fankokin da yatsa kar iska ta juya su, ka hure da bulowa ka bi da burushin fenti mai laushi. Sai in ka yi haka zafin bai sauka ba sannan za a yi maganar man sanyaya, kuma in da sauran garanti ka mayar wa wanda ya sayar maka kafin ka taɓa noti ko ɗaya.

Fankar da boris ɗinta ya ci kuma canzawa ake yi. Man keken ɗinki zai sa ta yi shiru na ɗan lokaci ta dawo. A katuna da yawa noti uku ne ke riƙe da ita a ƙarƙashin fiffike, ka ciro ta, ka karanta lambar da ke sitikar bayanta, ka auna faɗinta da milimita, ka ɗauki hoton kan wayarta don filogin ya yi daidai, ka yi oda saiti ɗaya gaba ɗaya tunda in ɗaya ta gaji ƴar'uwarta ma tana hanya.