Yadda Ake Gano Tushen Matsala a Wurin Aiki Kafin a Nemi Mai Laifi

A wurare da yawa na aiki a Zariya, daga shagunan ɗinki na Tudun Wada zuwa wuraren buga takardu na Samaru, idan abu ya lalace tambayar da ake fara yi ita ce, "Wa ya yi wannan?" Da zarar an sami wanda za a ɗora wa, sai a yi masa faɗa ko a yanke masa albashi, kowa ya koma bakin aikinsa, bayan 'yan makonni kuma matsalar ta sake ɓullowa a hannun wani. Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kuskuren da ke maimaita kansa a hannun mutane daban-daban yawanci daga tsarin aikin yake fitowa, kuma akwai hanyoyin da aka daɗe da jarrabawa don gano shi. Babu ɗaya daga cikinsu da ke buƙatar kwamfuta. Biro da littafin rubutu sun wadatar.

Matakin farko shi ne a rubuta matsalar a jimla ɗaya wadda za a iya aunawa. A ɗauki misalin gidan burodi a Sabon Gari da ke kai wa masu shayi kaya da asuba. Idan maigida ya ce "yaran nan ba su da himma," bai bayyana matsala ba, hukunci ya yanke. Amma idan ya rubuta cewa burodin da ya kamata ya fita ƙarfe biyar yana fita ƙarfe bakwai a wasu ranaku, to ya sami abin da zai bincika, kuma zai iya sanin ranar da aka warware shi.

Bayan haka sai a je wurin da abin yake faruwa a daidai lokacin da yake faruwa. Taiichi Ohno, injiniyan da ya gina tsarin aikin kamfanin motoci na Toyota a Japan, ya shahara da sa manajoji su tsaya a cikin masana'anta suna kallon aiki na tsawon sa'o'i kafin su ce uffan. Mu ma mun san gani ya kori ji. Maigidan da yake son sanin abin da ke jinkirta burodinsa dole ya kwana a gidan burodin ko sau ɗaya, domin rahoton da ake ba shi da hantsi an riga an tace shi.

Kafin a shiga neman dalili, yana da kyau a ƙirga. A buɗe shafi a littafi, a rubuta ire-iren ƙorafin da ake samu, kamar makara, ƙonewa, rashin cikar nauyi da kuskuren lissafi, sa'annan a riƙa jan layi a gaban kowanne duk lokacin da ya faru, har tsawon wata guda. Abin da aka saba gani shi ne abu ɗaya ko biyu ne ke haddasa mafi yawan ƙorafin. Ana danganta wannan fahimta da Vilfredo Pareto, masanin tattalin arziki ɗan Italiya, wanda ya lura cewa kusan kashi 80 cikin ɗari na filayen ƙasarsa suna hannun kusan kashi 20 cikin ɗari na jama'a. Daga baya Joseph Juran ya shigo da ita fagen kula da ingancin kaya. Ba dole ba ne lissafin ya faɗa daidai kan 80 da 20. Amfaninsa dai shi ne ya hana a ɓata ƙarfi a kan ƙorafin da ya fi ƙara alhali ba shi ne ya fi yawa ba.

Idan an zaɓi matsala ɗaya, sai a yi amfani da dabarar tambayar "me ya sa" sau biyar, wadda ita ma daga Toyota ta yaɗu. Me ya sa burodi ya makara? Saboda an makara wajen kwaɓi. Me ya sa aka makara? An ɗauke wuta da dare, injin kwaɓi ya tsaya. Me ya sa ba a ta da janareta ba? Babu mai a ciki. Me ya sa babu mai? Kuɗin mai yana hannun manaja, shi kuwa ya tashi tun bayan Magariba. Me ya sa ba a saya kafin ya tashi ba? Domin ba a ɗora wa kowa alhakin duba tanki da yamma ba. A nan ne aka iso ga abin da za a iya gyarawa. Da an tsaya a amsa ta farko, da mai kwaɓi ne ya sha faɗa. Da an tsaya a ta biyu, da an ce laifin wutar lantarki ne, an naɗe hannu. Biyar ɗin ba ƙa'ida ba ce, wani lokaci uku sun isa, wani lokaci sai an kai bakwai. Sharaɗin shi ne kowace amsa ta zama abin da aka tabbatar da ido ko da takarda, kuma idan amsa ta ƙare da sunan mutum, a sake tambaya: me ya sa tsarin ya bar shi ya yi wannan kuskuren?

A nan ne, a ganina, dabarun da aka aro daga waje suke cin karo da ɗabi'armu, kuma wanda bai lura da wannan ba zai yi ta taro babu sakamako. Yaron da aka rena a kan girmama na gaba ba zai buɗe baki a gaban maigida ya ce kuɗin mai ne ba a bari ba. Zai sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, za a gyara in sha Allahu," alhali shi ne ya fi kowa sanin inda gizo ke saƙar. Kunya da ladabi ba aibi ba ne, sai dai mai jagorantar bincike ya san yadda zai bi da su. Ya fara jin ta bakin ƙananan ma'aikata kafin manya su yi magana, domin da zarar babba ya faɗi ra'ayinsa, saura sai gyaɗa kai. Ya fi kyau ma ya gana da su ɗaya bayan ɗaya a bakin aikinsu, ya ce, "Malam, nuna mini yadda kake yin wannan," maimakon ya kira su ofis. Kuma ya bayyana tun farko cewa ba za a hukunta kowa a kan abin da ya faɗa ba, sa'annan ya cika alkawarin, domin idan ya saɓa sau ɗaya ba zai ƙara jin gaskiya ba.

Wata matsalar tana da dalilai da yawa a lokaci guda. Ga irin wannan akwai zanen ƙashin kifi na Farfesa Kaoru Ishikawa na Jami'ar Tokyo, wanda ya yaɗu a shekarun 1960. Ana rubuta matsalar a wajen kan kifin, a ja dogon layi, a fitar da rassa na mutane, injuna, kayan haɗi, hanyar aiki, awo da yanayi, a cike kowanne da abin da ake zato. Reshen yanayi ne aka fi mantawa da shi, ga shi kuwa a sanyin hunturun Zariya na Disamba da Janairu kwaɓi yana daɗewa bai tashi ba, saboda yis ba ya aiki da sauri cikin sanyi.

Idan an sami mafita, kada a sauya komai gaba ɗaya. Tsarin da W. Edwards Deming ya koyar a Japan tun daga 1950 ya ginu ne a kan zagaye: a tsara, a gwada a ƙaramin mataki, a duba sakamako, sa'annan a tabbatar ko a sake lale. A gidan burodin, sai a ba mutum ɗaya aikin duba tanki bayan La'asar na mako biyu, a ci gaba da rubuta lokacin fitar kaya a littafin nan, a kwatanta da watan baya.

Abin da ya yi aiki kuma a mayar da shi rubutaccen jerin dubawa. Duk wanda ya san Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ya san matuƙi ba ya tashi sai ya bi irin wannan jeri layi bayan layi, komai ƙwarewarsa. Al'adar ta samo asali ne bayan haɗarin wani sabon jirgin Boeing a Amurka a 1935, lokacin da ƙwararrun matuƙa suka manta ba su cire makullin da ke riƙe na'urorin sarrafa jirgin ba. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da makamancinsa domin ɗakunan tiyata. Na gidan burodi kada ya wuce layi shida ko bakwai, a rubuta shi da Hausa, ko da ajami idan shi ma'aikatan suka fi karantawa, a manna shi kusa da janareta, a bar gurbin sa hannu da kwanan wata. A sake duba shi idan damina ta shigo, da kuma kafin azumi, lokacin da sa'o'in aiki da yawan oda suke canzawa.