Wasiyyar ba likitoci gawa ko wani sashe na jiki: a raye ake gama shirinta

A nan Birnin Kebbi, wanda ya cika da asuba ba ya kai azahar ba a kai shi makwancinsa ba. Haka addini ya koyar, haka muka gada, zafin bazara ma ba ya barin a yi jinkiri. Don haka duk mai niyyar barin gawarsa ga ɗaliban likitanci, ko ya ba da wani sashe na jikinsa bayan ransa, ya san cewa ranar rasuwa babu mai buɗe akwati neman takarda. Aikin jinya na yi har na yi ritaya, abin da na sani game da wannan hanya shi zan shimfiɗa.

Wurin malaminka za ka fara zuwa. Jiki amana ne, ba dukiya ba ce da za ka ware sulusinta ka ba wanda ka so, kuma akwai hadisin da Abu Dawud ya ruwaito cewa karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye. Saboda haka malamai da yawa ba su yarda ba, kuma ba don jahilci suke ƙi ba. Amma an zauna a kan mas'alar. A 1987 majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, wato Ƙungiyar Musulmi ta Duniya, a Makka ta halatta feɗe gawa domin koyar da likitanci bisa sharuɗɗa: mamacin ya ba da izini tun yana raye ko magadansa su ba da, a tsaya iya buƙata, mace mata su duba ta matuƙar akwai su, sannan a binne komai bayan an gama. Ta kuma tsananta sosai a kan gawar wanda jininsa ke da alfarma, wato wanda shari'a ta haramta a kashe shi, kamar Musulmi, ta ce sai da larura. A 1988 majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda, ta halatta cire sashen jikin mamaci a dasa wa mai rai, da izini, ba da ciniki ba. Ka lura, ƙofar ba da sashe ɗaya don ceton rai ta fi ta ba da gawa ɗungurungum faɗi. Ka kai wa malamin waɗannan, ka saurari amsarsa, in zuciyarka ba ta natsu ba ka bari.

In ta natsu, sai ka je da ƙafarka wurin waɗanda za su karɓa. Ga gawa gaba ɗaya, sashen anatomi, wato ilimin tsarin jikin ɗan Adam, na kwalejin kimiyyar lafiya za ka nema, ko a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, ko a Jami'ar Tarayya ta nan Birnin Kebbi. Ka nemi ganin shugaban sashen. Kada ka yi mamaki in an tsaya kallonka, don yawancin gawarwakin da ake karatu da su a Najeriya na waɗanda babu mai nema ne a mutuware. Mai kawo kansa baƙo ne.

Ka tambaye su dalla-dalla. Suna karɓar irin wannan wasiyya? Wa zai kawo mota, wa zai biya mai? In an rasu da tsakar dare ko ranar Asabar, wayar wa za a buga? Za su bari a yi maka wanka da salla kafin su ɗauka? Shekara nawa za su riƙe gawar? Sannan tambayar da na fi damuwa da ita: in an gama, wa zai binne, a wace maƙabarta, za a kira iyalinka? Duk amsar da aka ba ka, ka roƙi a rubuta a takardar makarantar da sa hannu. Ma'aikata suna canjawa, alkawarin baki yana tafiya da mai shi.

Ya kamata ka san abin da za a yi wa jikin naka, don iyalinka za su tambaya. Ana ɗura maganin fomalin ta babbar jijiyar cinya ko ta wuya, ya ratsa ko'ina ya hana ruɓewa. Fata takan yi duhu ta taurara, warin maganin kuwa yana sa ido hawaye. Ana shimfiɗa gawar a tebur na ƙarfe, ɗalibai su kewaye ta da fararen riguna, ɗaya na karanto littafi, ɗaya na bin jijiya da ɗan almakashi daga hamata har yatsa. Ba kwana ɗaya ake yi ba, ana iya haura shekara ana bin jikin gaɓa-gaɓa. Likitan da zai yi wa matarka tiyatar haihuwa a irin wannan teburin ya fara sanin inda mahaifa take, da inda bututun fitsari ya bi kusa da ita.

Sai takarda. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta yarda mutum mai cikakken hankali ya ba da gawarsa ko wani sashe nata, ko a cikin wasiyyarsa ko a takardar da ya sa wa hannu gaban shaidu aƙalla biyu. Ta haramta sayar da sassan jiki, don haka duk wanda ya kawo maka zancen kuɗi ka guje shi. Ka rubuta sunanka, abin da ka bayar, wurin da ka ba, da manufar: koyarwa, bincike ko dashe. A ganina shaida ɗaya ya zama babban ɗanka ko ƙanenka, ɗayan kuma limamin unguwa. Kwafi ɗaya ga makarantar, ɗaya ga lauya in kana da shi, ɗaya a gida inda kowa ya sani. Kana da ikon janyewa duk ranar da ka sauya ra'ayi.

Inda abin ya fi wuya shi ne cikin gida. Kada ka yi shi a ɓoye. Ka tara su bayan sallar isha, uwargida da manyan 'ya'ya da 'yan'uwanka maza, ka faɗa musu da bakinka. Wani zai ce, "Baba, me mutane za su ce, an zo jana'iza babu gawa?" Tambaya ce ta gaskiya, kada ka ture ta da faɗa. In mahaifiyarka na raye ta ce, "Ban yarda ba," to ni shawarata ka ce, "To, Inna," ka ajiye maganar. Gawar da aka ɗauka iyali na kuka da jayayya a ƙofar gida, ba na jin akwai makarantar da za ta so ta.

Ga mai son ba da sashe ɗaya kawai, ga yadda abin yake. Dashen ƙoda da ake yi a ƙasar nan, kamar a Asibitin Malam Aminu Kano tun 2002, kusan duk daga masu rai ake samun ƙodar, don ƙodar wanda ya rasu a gida ba ta dasuwa. Abin da ya fi yiwuwa shi ne tantanin gaban ido mai garai-garai. Ana so a cire shi cikin 'yan sa'o'i bayan rasuwa, aikin bai kai sa'a guda ba, fuska ba ta sauyawa, kuma a ranar za a yi jana'iza. Ni wannan na zaɓa wa kaina. Sai dai ka tambayi likitan ido na asibitin da kake zuwa ko akwai mai iya ɗauka a kusa, don ma'ajiyar ido da aka sani tana Legas.

Ranar da ta faru, wanda ka wakilta kan wannan wasiyya ya buga wa makarantar ko likitan ido waya nan take, ya karɓi takardar shaidar mutuwa daga likita, in za a jira mota a kai gawar mutuware mai sanyi. Makaranta na iya ƙin karɓa: in mutum ya rasu da cuta mai yaɗuwa irin Lassa, tarin fuka ko ciwon hanta mai kamuwa, in hatsari ya lalata jikin, in an riga an feɗe shi don binciken 'yan sanda, ko kuma in ba su da wurin ajiya a lokacin. Saboda haka ka rubuta a ƙasan takardar cewa in ba a karɓa ba, a yi maka sutura nan take ba tare da jiran kowa ba, likkafaninka kuma ya kasance a ajiye.