Kurakuran da Sababbin Masu Hawa Ke Yi a Kan Tsaunin da Ba Shi da Suna

Na gaji da ganin yadda sababbin masu hawa ke raina ƙaramin tsauni. Sun zo ne don daga kansa ake hango manyan tsaunukan da ke kewaye, sai hankali ya tafi can, a manta da wanda ƙafa ke takawa. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Na farko, lissafin lokaci. Mutum ya ga kilomita 10 a taswira ya ce tafiyar awa biyu ce. Ina! Tun 1892 William Naismith, mai hawan tsaunuka ɗan Sikotland, ya fitar da ƙa'ida: awa ɗaya ga kowane kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowane mita 600 na hawa, ban da hutu. Ni nakan ɗora rabin abin da ya fito a kai, in kuma yanke lokacin juyowa tun ina gindin tsaunin. Idan ya cika, ko ƙololuwa na gabana, sai in juyo.

Wanda ya fi cin raina shi ne saukowa, don shi ya taɓa kwantar da ni. Tsaunin da ba a cika hawa ba ba shi da hanya ɗaya fitacciya, sai sawun dabbobi barkatai. Ranar na shagala da ɗaukar hoton tsaunukan nesa har gajimare ya sauko ya rufe komai. Na ga wata siririyar hanya na ce yanke ce, na bi, ta kai ni bakin rafi. Na bi rafin, ashe ruwa gangara mafi tsanani yake nema. Na tsinci kaina a bakin gaɓa, dole na koma sama, a nan na gurɗe. Da ɗingishi na sauko cikin duhu, na yi makonni ba na taka ƙafar sosai. Don Allah ku daina neman yanke a inda ba ku sani ba! Yanzu duk mararrabar da na wuce sai na waiwaya na kalle ta da kyau, domin kamanninta daban ne ga mai saukowa. Ta inda na hau nake sauka.

Sauran ƙanana ne. Zafi na raguwa da kusan digiri 6.5 a kowane mita 1,000, ga iska, don haka riga mai kauri ta shiga jaka ko ana rana a ƙasa. Rigar auduga ta jiƙe da gumi ba ta saurin bushewa. Sabon takalmi yana cin ƙafa, a fara horar da shi. Sanyi na zuƙe cajin waya, shi ya sa tocila da taswirar takarda ba sa barin jakata. Kuma kafin in fita, sai na faɗa wa wani mutum tsaunin da na nufa da ƙarfe nawa zai neme ni.